Daga Sukudireba zuwa Gam: Yadda Sha'awar Ƙara wa Kwamfuta Ƙarfi Ta Ja Baya

Ƙara wa kwamfuta ƙarfi sha'awa ce da ta yi tashe tsakanin masu kwamfutar tebur na kusan shekara ashirin da biyar, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 2000. Mai irin wannan sha'awa ba ya barin na'urarsa yadda ta fito daga kamfani. Yakan ɗauki sukudireba ya kwance murfin akwatin, ya ƙara mata ram, ya cire katin hoto ya sa wanda ya fi shi, bayan 'yan watanni ya sauya furosesa, har a wayi gari babu abin da ya rage na asali sai akwatin ƙarfen da igiyar wuta. Da yawa ma ba su taɓa sayen haɗaɗɗiyar kwamfuta ba, sassa suke saye ɗaya bayan ɗaya su haɗa da hannunsu a ɗaki. Abin ya fi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan da Taiwan, inda kuɗin sassan bai fi ƙarfin albashin ma'aikaci ba, amma ya kai duk inda kwamfuta ta kai. Har yanzu akwai masu yinsa. Sai dai ya tashi daga abin da kusan duk mai kwamfuta yake taɓawa, ya koma harkar 'yan tsiraru, galibinsu masu wasannin kwamfuta ne da ke da kuɗin kashewa.

Kwamfutar gida a hannun masu kwance-kwance aka haife ta. Altair 8800, wadda kamfanin MITS na birnin Albuquerque ya fitar a 1975, a warwatse ake aiko ta, mai saye ne zai zauna da dalma ya liƙa sassanta. A wannan shekarar aka kafa ƙungiyar Homebrew Computer Club a jihar Kalifoniya, inda Steve Wozniak ya nuna kwamfutar farko ta Apple. Apple II da ta biyo baya a 1977 tana da gurabe takwas a ciki, an bar su a buɗe don mai ita ya soka duk katin da yake so. Amma abin da ya shimfiɗa hanya sosai shi ne kwamfutar da IBM ya fitar a watan Agustan 1981. Saboda gaggawar shiga kasuwa, kamfanin ya haɗa ta da sassan da kowa zai iya saye, furosesa daga Intel, babbar manhaja daga Microsoft, sannan ya buga littafin da ya bayyana tsarin cikinta filla-filla. Ba a daɗe ba Compaq ya ƙera wadda ke aiki daidai da ita, kuma daga 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar wa kowane maƙeri manhajar tayar da na'ura irin ta IBM. Daga nan kwamfutar ta kuɓuce wa wanda ya ƙirƙire ta.

Sakamakon haka shi ne ƙa'idoji na bai-ɗaya. Katin da wani kamfani ya yi a Singafo zai shiga babban allon da wani ya yi a Taiwan, a cikin akwatin da wani ya lanƙwasa a China. Kamfanonin Taiwan irin su Asus da Gigabyte da MSI sun girma ne a kan sayar da babban allo, wato madabod, ga ƙananan shaguna da ɗaiɗaikun mutane. Tsarin ATX da Intel ya fitar a 1995 ya daidaita girman allon da wuraren noti da irin wutar da za a ba shi, kuma har yau da shi ake aiki. A tsakiyar shekarun 1990 akwai mazaunin furosesa da ake kira Socket 7, wanda yake karɓar furosesar Intel da ta AMD da ta Cyrix, duk a allo ɗaya. Mai na'ura ke da zaɓi, kamfanoni ke gasar neman kuɗinsa.

Buɗaɗɗen akwati kaɗai ba zai haifar da sha'awa ba in babu dalilin buɗe shi. Dalilin kuwa shi ne gudun da fasahar take yi a lokacin. Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya lura tun 1965 cewa yawan taransistocin da ake iya cusawa a ƙwayar silikon ɗaya yana ninkawa a kai a kai, daga baya ya tsayar da lissafinsa a kan kusan duk shekara biyu. A aikace mutane sun ga haka da idonsu. Kwamfutar IBM ta 1981 tana gudu a megahaz 4.77. Pentium ta farko a 1993 ta zo da megahaz 60 da 66. A watan Maris na 2000 AMD ya kai megahaz 1,000 da furosesarsa Athlon. Manhaja kuma tana biye, tana cinye duk ƙarin da aka samu: Windows 95 ta nemi ram megabait 4 a ƙalla, Windows XP a 2001 ta nemi 64, kuma wanda ya tsaya a wannan mafi ƙarancin ya san jiran da zai sha. Na'urar da ta shekara biyu takan fara gazawa, wadda ta shekara huɗu ba ta iya ɗaukar sabuwar manhaja ko kaɗan. Sayen sabuwa ɗungurungum kuɗi ne mai yawa. Sayen sanda ɗaya ta ram ko sabuwar furosesa bai kai rabin haka ba, kuma bambancin yakan bayyana a minti na farko da aka kunna.

Wasanni ne suka fi ingiza mutane. Doom ya fito a ƙarshen 1993, Quake a 1996, kuma dubban matasa sun fara sanin sunan furosesar da ke cikin kwamfutar gidansu ne a ranar da wasan ya ƙi tafiya yadda ya kamata. Katin sauti na Sound Blaster, wanda kamfanin Creative na Singafo ya fitar a 1989, ya mai da na'urar da ba ta iya komai sai ƙara irin ta agogo ta zama mai kiɗa da magana. Katin Voodoo na kamfanin 3dfx a 1996 ya yi wa hoto irin wannan: wanda ya soka shi ya sake buɗe wasan da ya saba, sai ya ga bango da ruwa da haske sun canza kamanni gaba ɗaya. Nvidia ya shigo da GeForce 256 a 1999, ya sayi kadarorin 3dfx a ƙarshen 2000, sannan ya shiga gasa mai zafi da ATI na ƙasar Kanada, kusan kowace shekara da sabon kati da ya bar na bara a baya nesa.

Aikin yana da wuya a wancan zamani, kuma wuyar tana cikin abin da ya sa ake son sa. Kafin Windows 95 ta fara gane sabon kati da kanta, mai na'ura ne zai zauna da littafin allo yana matsar da 'yan ƙananan maɓallan roba daga wannan fil zuwa wancan, don kada katin sauti da modem su yi karo a layi ɗaya. Zai gyara fayilolin tayar da babbar manhajar DOS da hannu, layi bayan layi, don ya tsirar da 'yan kilobait daga cikin 640 ɗin da wasa ke buƙata. In ya kunna allon kallo ya ƙi kawo komai, sai ya kasa kunne ya ƙirga ƙarar da na'urar ke yi, domin yawan ƙarar da tsawonta su ke faɗa masa ko ram ce ba ta zauna ba ko katin hoto ne. Kuskure ɗaya na iya ƙone furosesar da ya tara wa kuɗi wata shida. Wanda ya bi ta wannan hanya yakan fito ya san yadda kwamfuta take aiki tun daga wuta har zuwa manhaja, kuma ya koyi wata ɗabi'a mai daraja: in abu ya lalace, a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a canza na gaba. Injiniyoyi da masu rubuta manhaja da masu kula da cibiyoyin sadarwa masu yawan gaske a wannan makaranta suka fara karatu, ba tare da sun san makaranta ce ba.

Ƙololuwar sha'awar ita ce tursasa wa furosesa gudu fiye da abin da aka rubuta a jikinta. Kamfanoni sukan ƙera furosesoshi iri ɗaya a layi ɗaya, su rarraba su gwargwadon gwaji da buƙatar kasuwa, su sa wa kowane rukuni farashinsa. Masu kwance-kwance sun gane cewa mai arahar sau da yawa tana iya abin da mai tsadar take yi. Misalin da ba a mantawa shi ne Celeron 300A ta 1998, furosesa mai rahusa da Intel ya yi don talakawan masu saye. In aka ɗaga gudun allo daga megahaz 66 zuwa 100, sai ta tashi daga 300 zuwa 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mafi tsada a lokacin, wadda ta ninka ta kuɗi sau da yawa. A kusan 2000 kuma aka gano cewa wasu furosesoshin Athlon da Duron na AMD ana iya buɗe musu kulle da fensir: a goga bakin fensirin a kan wasu 'yan layukan da aka yanke a samanta, baƙin fensirin ya haɗa wutar. Daɗin abin ya wuce gudun da aka samu. Ɗalibi marar kuɗi ne yake samun abin da mai kuɗi ya saya, da ilimi da haƙuri.

Kasuwa da jama'a suka taru a kan wannan. Mujallar Computer Shopper ta Amurka takan kai shafi ɗari takwas a farkon shekarun 1990, mafi yawansu tallan sassa ne da farashinsu. An yi unguwanni sukutum na masu sayar da sassa, kamar Akihabara a Tokyo da Nehru Place a Delhi da Huaqiangbei a Shenzhen. Matasa kan ɗauki akwatunansu da manyan allunan kallo masu nauyi su haɗu a zaure ɗaya su kwana suna wasa, kamar a taron DreamHack na Suwidin da QuakeCon na jihar Texas, inda kowa ke leƙa cikin na'urar ɗan'uwansa.

Abin da ya fara rage wa sha'awar ƙarfi zafi ne. Shekara talatin ana cin moriyar wata ƙa'ida da Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa suka bayyana a 1974: duk lokacin da aka ƙanƙanta taransista, wutar da take sha ma tana raguwa, don haka ana iya ƙara gudu ba tare da ƙwayar ta ƙara zafi ba. A tsakiyar shekarun 2000 taransistocin suka yi ƙanƙantar da wuta ta fara yoyo ta jikinsu, ƙa'idar ta daina aiki. Pentium 4 ta tsaya a gigahaz 3.8, kuma a 2004 Intel ya soke shirinsa na fitar da mai gigahaz 4. Daga 1993 zuwa 2004 gudun ya ninka fiye da sau hamsin. Daga 2004 zuwa shekara ashirin bayanta bai ninka sau biyu ba.

Kamfanoni sun juya ga saka cibiyoyin lissafi da yawa a furosesa ɗaya, biyu daga 2005, sannan huɗu. Ci gaba ne na gaske, amma ba irin wanda kowa ke ji a jikinsa ba, domin mai rubuta takarda ko mai duba intanet ba ya amfana da cibiya ta huɗu yadda ya amfana da ninkin gudu a baya. A daidai lokacin kuma AMD ya yi rauni, gasa ta yi sanyi, Intel ya bar furosesoshinsa na gama-gari a cibiya huɗu har zuwa 2017, yana ƙara musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kowace shekara. Core i5-2500K da ta fito a Janairun 2011 ta yi suna saboda mutane da yawa sun riƙe ta shekara bakwai ko takwas ba su ga dalilin canzawa ba. Manhaja ma ta daina kora: abin da Windows 7 ta nema a 2009, wato gigahaz 1 da ram gigabait 1 ko 2, shi ne Windows 10 ta nema a 2015. A karon farko a tarihin kwamfutar gida, tsohuwar na'ura ta isa. Wannan alheri ne ga mai saye, kuma bai kamata a yi kukansa ba. Amma sha'awar da ke rayuwa a kan tazarar da ke tsakanin abin da na'ura ke iyawa da abin da mai ita ke so, dole ta rame idan tazarar ta rufe.

Canji ɗaya ne ya ƙara ba mutane irin mamakin da, shi ne sauya faifan ajiya mai juyawa da ma'adanar SSD wadda ba ta da wani abu mai motsi a ciki. Ta fara shiga kasuwa sosai daga 2008, ta yi araha a shekarun da suka biyo. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi sai ta koma tashi a daƙiƙa ashirin. Sai dai wannan gyara sau ɗaya ake yinsa, kuma maimakon ya jawo wani sayen, sai ya ƙara wa tsofaffin na'urori shekara biyar na rayuwa.

A hankali kuma abubuwan da ake sokawa suka yi ta ɓacewa. Katin sauti da katin sadarwa suka koma cikin babban allo. Modem ya tafi da zuwan intanet mai sauri. Sashen da ke kula da ram ya shige cikin furosesa, a AMD daga 2003, a Intel daga 2008, sannan sashen hoto ya bi shi. Wanda ya buɗe kwamfutar ofis ta yau zai tarar da gurabe babu komai a cikinsu, domin babu abin da ya rage a soka.

Babbar girgizar ta zo daga wajen akwatin. A 2008 yawan laftof da ake sayarwa a duniya ya fara wuce na kwamfutar tebur. iPhone ta fito a 2007, iPad a 2010, kuma a 2011 wayoyin zamani da aka sayar sun fi kwamfutoci yawa. Ƙididdigar kamfanonin nazarin kasuwa irin su Gartner da IDC ta nuna cinikin kwamfuta ya kai ƙololuwa a 2011 da sama da miliyan 360, ya yi ta sauka har zuwa kimanin miliyan 260 a 2018. Yaron da aka haifa bayan 2005 ya fi yiwuwa ya fara sanin intanet ta gilashin waya, na'urar da ba ta da murfin da zai kwance, kuma aikin da take yi masa rabinsa a wata cibiyar ajiya mai nisa ake yinsa.

Laftof ɗin ma da farko tana da 'yan ƙofofi a ƙasanta, noti ɗaya ko biyu, a canza ram ko faifai ko batir. Waɗannan ƙofofi aka yi ta rufewa. MacBook Air ta 2008 ta zo da ram a liƙe da dalma. MacBook Pro ta 2012 mai allon Retina ta ƙara da batirin da aka manne da gam, har kamfanin iFixit mai koyar da gyara ya ba ta maki 1 cikin 10. Sauran kamfanoni suka bi sahu a na'urorinsu marasa kauri. Da Apple ya fitar da furosesarsa M1 a Nuwamban 2020, ram ɗin tana manne a jikin furosesar kanta, abin da mutum ya zaɓa ranar saye da shi zai zauna har na'urar ta mutu. Adalci ne a faɗi cewa akwai hujjar injiniya a nan: ram da ke kusa da furosesa ta fi sauri, ta fi tsimin batir, kuma tana ba da damar na'ura marar nauyi. Adalci ne kuma a faɗi cewa tsarin ya yi wa kamfanoni daɗi, tunda ƙarin ram da a da ake saye a kasuwa da farashin gasa, yanzu a wurinsu kaɗai ake samunsa, da farashin da suka ga dama. Masu mota sun san irin wannan sauyi: Fijo 504 kowane bakanike na bakin titi yana iya kwance ta ya mayar, motar yau kuwa sai an jona mata kwamfuta kafin a san abin da ke damunta.

Masu wasanni su suka rage riƙe da tutar, su ma dalilansu sun ragu. Daga 2013 na'urorin wasa na PlayStation da Xbox suka koma amfani da furosesa irin ta kwamfuta daga AMD, kuma tunda kowace takan yi kimanin shekara bakwai a kasuwa, masu ƙera wasanni sukan auna aikinsu da ƙarfinta. Katin hoto matsakaici da aka saya a farkon zangon yakan kai mutum ƙarshensa. GTX 1060 na 2016, wanda aka sa wa dala 249, ya shekara kusan biyar yana kan gaba a ƙididdigar na'urorin masu amfani da dandalin Steam.

Sai kuma farashi, wanda shi ya kori waɗanda suka yi saura daga masu ƙaramin ƙarfi. Sau biyu masu haƙar kuɗin kirifto, musamman Ethereum, suka wawashe katunan hoto daga kasuwa, a 2017 zuwa 2018, da kuma 2020 zuwa 2022, karo na biyu haɗe da ƙarancin sassa na lokacin korona. Mutane suka yi ta jira wata da watanni, ko su biya ninki biyu a hannun 'yan kayi-nayi. Ethereum ya daina dogaro da haƙa a Satumban 2022, amma farashin bai koma gidan jiya ba. GTX 1080 Ti, babban kati na 2017, dala 699 ne. RTX 4090 na 2022 dala 1,599, RTX 5090 na Janairun 2025 dala 1,999, kuma shi kaɗai yana iya shan wuta wat 575. Shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya faɗa a fili a Satumban 2022 cewa zamanin dokar Moore ya wuce, kada a ƙara sa ran samun ninkin ƙarfi a tsohon farashi. A wannan watan ne EVGA, ɗaya daga cikin kamfanonin da masu wannan sha'awa suka fi amincewa da su, ya sanar da barin harkar katin hoto. Yanzu mafi yawan kuɗin Nvidia daga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira yake fitowa, mai haɗa kwamfuta a ɗakinsa ya zama ƙaramin abokin ciniki.

Ko sauya furosesa kaɗai ya zama da wuya a ɓangaren Intel, domin kusan duk bayan fitowa biyu sai an canza mazauninta: a 2009, 2011, 2013, 2015, 2020, 2021 da 2024. Sabuwar furosesa takan ja sabon allo, wani lokaci da sabuwar ram, abin ya tashi daga ƙari ya zama sabon gini. AMD ya nuna cewa ba dole ba ne haka. Mazauninsa na AM4, wanda furosesarsa Ryzen ta fara hawa a 2017, ya karɓi furosesoshi har zuwa 5800X3D ta 2022 da wasu bayanta, kuma farin jinin da ya samu shaida ce cewa masu son ƙari suna nan, in an bar musu ƙofa.

Cibiyoyin da suka rayu da sha'awar sun bi ta a baya. PC Magazine ta daina fita a takarda a Janairun 2009, PCWorld a 2013, Maximum PC a 2023. Shagunan Maplin na Birtaniya sun rufe a 2018, na Fry's Electronics a Amurka a Fabrairun 2021. Mujallar intanet ta AnandTech, wadda wani yaro ɗan shekara 14 ya kafa a 1997 ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi girmamawa wajen gwajin sassa, ta dakata a Agustan 2024.

Abin da ya rage ya canza fuska. Haɗa kwamfuta yau ya fi kowane lokaci sauƙi, sassan ba sa shiga a juye, bidiyoyin koyarwa sun cika YouTube, kuma lokacin kullen korona mutane da yawa sun haɗa tasu ta farko. Amma furosesar zamani da kanta take ƙure gudunta gwargwadon sanyin da ta samu, don haka ɗan abin da mai tursasawa zai ƙara bai kai wahalarsa ba. Hankali ya koma kan ado, akwatin gilashi da fitilu masu launi da bututun ruwan sanyaya. Masu son taɓa waya da dalma da yawa sun koma wasu fagage, kamar Arduino da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da aka fitar a Birtaniya a 2012 a kan dala 35, da niyyar mayar wa yara damar wasa da na'ura da suka rasa.

A Najeriya da maƙwabtanta labarin ya ɗan bambanta, domin a nan ƙara wa kwamfuta ƙarfi sana'a ce da larura kafin ya zama sha'awa. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, kwamfutocin da suka cika shagunan buga takardu da na intanet galibi haɗin gida ne, an sayo sassan daga kasuwar Computer Village ta Ikeja an ɗaura. Matasa da yawa a Kano da Kaduna da Abuja a bayan irin waɗannan shaguna suka koyi aikin, daga hure ƙurar hunturu a fanka har zuwa sauya allo. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya sa laftof mai batir ta kori kwamfutar tebur da wuri, sannan wayar salula da ta shigo a 2001 ta janye masu gyara da yawa zuwa kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Abin da ya riƙe kasuwar laftof kuwa na hannu ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. Mai saye yakan tambaya Core i5 ce ko i7, ram ɗinta nawa, kuma ciniki yakan ƙare da mai shago ya ƙara mata ram ya sa mata SSD nan take. Da wannan ƙarin ne na'urar da ta shekara shida take zama abin da ɗalibin jami'a zai yi digirinsa da ita.

A nan ne rufe akwatin zai fi ciwo. Laftof da aka liƙe wa ram gigabait 8 a 2020 haka za ta iso kasuwar Ikeja ko Kano, babu abin da mai shago zai iya ƙara mata. Ga kuma Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021 da sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar da ba ta girmi zubi na takwas na Intel ba, yayin da Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Miliyoyin na'urori masu lafiya sun faɗa wajen layi, kuma ƙarin ram ko SSD ba ya shigar da su. Wanda ya yanke shawarar liƙewa a Kalifoniya yana tunanin mai saye na farko ne, wanda zai canza na'ura bayan shekara uku ko huɗu. Mai saye na biyu da na uku, da mai gyaran da ke ci daga gare su, ba sa cikin lissafin.

An fara mayar da martani. Faransa ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara a kan laftof da wayoyi daga Janairun 2021. Jihar New York ta sa hannu a dokar 'yancin gyara a Disamban 2022, Tarayyar Turai ta amince da tata a 2024. Waɗannan dokoki sun fi magana a kan gyara abin da ya lalace, ba su tilasta wa kowa ya bar gurbin ƙari ba. A ɓangaren masana'anta, ƙungiyar JEDEC mai tsara ƙa'idojin ram ta fitar da tsarin CAMM2 a ƙarshen 2023, wanda ke ba da damar ɗaura ram mai sauri da noti maimakon dalma, kuma Lenovo ya sa shi a wata ThinkPad a 2024. Kamfanin Framework na Amurka, tun 2021, yana sayar da laftof da ake iya canza mata komai har babban allo, da sukudireba a cikin kwalin. Amma da wannan kamfani ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a 2025, ram ɗinta a liƙe ta zo, kuma ya bayyana cewa furosesar AMD da ya zaɓa ba za ta kai saurin da ake so ba in ram ɗin mai cirewa ce.